Rabon Hanya a Birnin Delhi

A tsohon birnin Delhi, ƙasar Hindu, watau Indiya, akwai wani titi wanda ya miƙe sosai daga ƙofar Jan Ganuwa, gidan sarautar Mugal na dā, har ya dangana da masallacin Fatehpuri. Tsawonsa bai wuce kilomita 1.3 ba. Ana kiransa Chandni Chowk, ma'anarsa dandalin hasken wata. Jahanara, 'yar Sarki Shah Jahan, ita ce ta tsara shi wajen shekarar 1650, sa'ad da ubanta ya taso da gadon sarauta daga Agra ya gina sabon birni a bakin kogin Yamuna. A zamanin nan ruwa ke gudu ta tsakiyar titin cikin magudana, ga inuwar itatuwa dama da hagu, ga wani tafki inda wata ke haskawa da dare, daga nan sunan ya samo asali. Giwaye da dawaki da raƙuma su ne ababen hawa, kowa kuwa yana samun wurin wucewa.

Wannan shi ne birnin da malamai suka sani cikin littattafai da sunan Dihli, inda a ke jingina Shah Waliyyullahi Addihlawi, inda kuma Ibn Baɗɗuɗa ya yi alƙalanci tun kafin ya zo ƙasashen Sudan. Attajirai kuwa sun san shi ta wata fuska. A kan titin nan da lungunansa a ke sayar da alharini da kayan amare da azurfa da turare. Bayan masallacin Fatehpuri akwai Khari Baoli, kasuwar kayan yaji wadda a ke lissafa ta babu kamarta a ƙasashen Asiya, inda buhunan barkono da citta da kanumfari da kirfa da gangamau su ke jibge har rufi, baƙo ba ya ratsa ta bai yi atishawa ba.

Turawan Ingila suka zo, suka cike magudanar, a 1908 suka shimfiɗa dogo bisa titin domin taragun lantarki, waɗanda suka yi ta aiki har 1963. Bayan su sai mota. Kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce, mutum ya kan fi saurin ratsa titin da ƙafa bisa ga mai mota, in har ya sami inda zai sa ƙafar. A watan Satumba na 2021 hukumar birnin ta buɗe shi bayan gyara na kusan shekara uku, ta kuma kafa doka: daga ƙarfe 9 na safe zuwa 9 na dare, kada abin hawa mai inji ya shiga. Masu tafiya ƙasa suka yi murna, 'yan kasuwa da yawa suka yi kuka. Kafin a gane dalilin murnar da na kukan, sai an koma baya an ga yadda birnin ya cika, da irin magungunan da aka yi ta gwadawa, domin kowane magani a can ya zama shari'a ce ta rabo: hanya ɗaya ce, masu haƙƙi da yawa, wa za a ba, wa za a hana.

A ƙidayar 1941 mutanen Delhi ba su cika miliyan 1 ba. Da aka raba ƙasar a 1947, aka fitar da Pakistan, 'yan gudun hijira suka kwararo, ƙidayar 1951 ta sami mutum miliyan 1.7. A 2011 an ƙirga miliyan 16.8, ban da garuruwan da suka manne da birnin, irin su Gurgaon da Noida da Ghaziabad da Faridabad, waɗanda mutanensu ke kwana can su wuni Delhi, ko su kwana Delhi su wuni can. Yawan mutane kaɗai bai isa ya toshe hanya ba. Abin da ya toshe ta shi ne canjin abin hawa. A Disamba 1983 aka fara fitar da wata 'yar ƙaramar mota mai araha, Maruti, wadda gwamnati ta ƙera tare da kamfanin Suzuki na Japan a Gurgaon. Ma'aikacin da ubansa bai taɓa mafarkin mota ba sai ga shi da tasa. Bayan 1991, da aka sassauta dokokin ciniki, bankuna suka shiga ba da bashin mota da babur. Wajen 2017 ababen hawa masu rajista a Delhi sun haura miliyan 10, kimanin biyu cikin uku babura ne.

Maganin farko da ya kan zo wa mahukunta a zuci shi ne a faɗaɗa hanya, in ba ta faɗaɗuwa a ɗora wata bisa kanta. Haka aka yi. An gina gadojin sama domin wasannin ƙasashen Asiya na 1982, aka ƙara wasu masu yawa domin wasannin ƙasashen renon Ingila na 2010. Kowace gada ta kan yi daɗi shekara ɗaya ko biyu. Sa'an nan wanda dā ya ke hawa bas domin tsoron cunkoso ya ga hanya ta buɗe, ya fito da motarsa, maƙwabcinsa ya yi koyi da shi, sai a wayi gari cunkoson ya tashi daga wannan mararraba ya koma gindin gadar, inda ta sauka. Wanda ya taɓa yasar rijiya a fadama ya san wannan: ɗibar ruwa ba ta rage shi, kiran wani ta ke yi. Kuma gadar sama ba ta amfanin mai keke ko mai amalanke, ƙara masa nisan tsallakawa ta ke yi.

Talaka kuwa bas ya ke hawa, labarin bas a Delhi yana da ɗaci. A 1992, da motocin hukuma suka kasa, aka ba masu zaman kansu izni su fito da nasu. Da fari jan fenti gare su, da kisan da su ke yi ya yi yawa aka sāke musu fenti shuɗi da sabon suna, Blueline, amma hali bai sāke ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san harkar tasha. Mai mota ya kan ba direba da yaransa mota bisa sharaɗin balas, kuɗi ƙayyadadde kowace rana, abin da ya ragu nasu. Saboda haka kowane fasinja da ke tsaye a bakin hanya abinci ne, wanda ya riga isa shi ya ci. Sai motoci biyu su yi ta tsere a tsakiyar gari, ɗaya ta gitta ta tare gaban 'yar'uwarta a tasha, ta tsaya a tsakiyar titi tana lodi, bayanta an toshe. A 2007 kaɗai mutanen da suka mutu ƙarƙashin waɗannan motoci sun wuce 100. An ci tara, an ɗaure direbobi, abu bai gyaru ba sai da aka taɓa wurin da ciwon ya ke. Daga 2011 aka shigo da wani tsari: kamfani ya kawo motoci, hukuma ta biya shi gwargwadon kilomitan da motar ta yi bisa lokacin da aka yanka mata, kuɗin fasinja kuwa ya shiga asusun hukuma. Direban da aka biya bisa tafiya ba shi da abin da zai samu ga tsere. Kafin ƙarshen 2012 shuɗɗan motocin sun ɓace daga titi. Cikin duk abin da aka yi a Delhi, wannan yana daga mafi araha, kuma yana daga mafi hikima, ko da ya ke ba a cika ambatonsa ba, don ba shi da ginin da za a yanke ƙyalle a buɗe.

Wani abin mamaki a sha'anin Delhi shi ne yawancin manyan hukunce-hukuncen hanya daga bakin alƙalai suka fito. Wani lauya, M. C. Mehta, ya kai ƙara Kotun Ƙoli a 1985 a kan hayaƙin da ya turnuƙe birnin, shari'ar nan kuwa ta yi ta haihuwar umarni shekara da shekaru. A Yuli 1998 kotun ta yanke cewa kafin ƙarshen Maris 2001 dukan bas-bas su bar shan man dizal su koma iskar gas wadda a ke matsawa cikin tukunya, haka kuma tsofaffin tasi da kekuna masu ƙafa uku, irin waɗanda Kanawa ke kira a daidaita sahu, waɗanda dā ma daga Indiya a ke kawo su. Masu motoci suka yi zaton wasa ne, gwamnati ta yi ta jan ƙafa. Wa'adi ya cika, motoci dubbai suka tsaya, ma'aikata suka rasa abin hawa, direbobi suka riƙa kwana a layi a gidajen gas, don gidajen ba su da yawa. Amma kotu ba ta janye ba, kafin ƙarshen 2002 bas mai dizal ya ƙare a cikin birni. A umarnin nan na 1998 akwai wani sashe da aka manta da shi: kotun ta ce a kai yawan bas 10,000. Shekara ashirin suka wuce ba a kai ba, alhali mutane sun ƙaru da miliyoyi.

Abin da Delhi ke alfahari da shi shi ne jirgin ƙasa na cikin gari, wanda su ke kira Metro. Mutanen Indiya ba su shiga aikin da kyakkyawan zato ba, domin sun ga na Kalkata. A can an aza harsashi a 1972, ba a gama layin farko mai kilomita 16 da 'yan kai ba sai 1995, tituna suna haƙe, kasuwanni suna mutuwa a bakin rami. Saboda haka da aka kafa kamfanin Metro na Delhi a 1995, gwamnatin tarayya da ta birni suka raba hannun jari daidai wa daida, aka nemo wani tsohon injiniyan reluwe, E. Sreedharan, aka danƙa masa. Mutumin nan ya yi suna tun yana saurayi, sa'ad da guguwa ta karya gadar jirgi ta Pamban a kudancin ƙasar a ƙarshen 1964, aka ba shi watanni ya gyara, ya gama cikin kwana 46. Shi ne kuma ya shimfiɗa dogon Konkan ta cikin duwatsun bakin teku na yamma.

Ya karɓi aikin bisa sharaɗin a bar shi ya zaɓi mutanensa, kada 'yan siyasa su sa masa baki. A ofisoshinsa aka rataye agogo mai ƙirga kwanakin da suka rage kafin wa'adi, kowace safiya ma'aikaci ya ga an rage ɗaya. 'Yan kwangila a kan biya su a kan kari, domin ya san wanda aka riƙe wa kuɗi ba ya sauri. Inda za a haƙa, sai a kewaye da allunan ƙarfe, a shirya wa motoci wata hanya tukuna, a wanke ƙafafun manyan motoci kafin su hau titi. Fiye da rabin kuɗin kashi na farko bashi ne daga Japan, mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi. An fara aiki a Oktoba 1998. Ranar 24 ga Disamba 2002 Firayim Minista Vajpayee ya buɗe yanki na farko, kilomita 8 da ɗoriya, daga Shahdara a gabashin kogi zuwa Tis Hazari. Kashi na farko duka, kilomita 65, ya ƙare a 2006, kusan shekara uku kafin lokacin da aka ɗiba. Ba a rasa masifa ba: a Yuli 2009 wani sashen gada ya rufto a Zamrudpur ya kashe mutum 6. A ranar Sreedharan ya miƙa takardar murabus, ya ce alhakin yana wuyansa. Shugabar gwamnatin birnin, Sheila Dikshit, ta ƙi karɓa, ya zauna har ƙarshen 2011.

Tsohon birni shi ya fi kowa cin moriya. Lungunansa ba su faɗaɗuwa sai an rushe masallatai da haikalai da gidajen da suka shekara ɗari uku, saboda haka aka bi ta ƙarƙashinsu da injin haƙa, a 2005 aka buɗe tashar Chandni Chowk da ta Chawri Bazar, kasuwar takarda da tagulla, can cikin ƙasa. Matan sabon birni da suka daina zuwa sayen kayan aure don wahalar hanya suka dawo. Daga 2010 aka keɓe wa mata tarago guda a kowane jirgi, iyaye da yawa suka yarda 'ya'yansu su tafi makaranta da wurin aiki mai nisa. A 2024 dogon ya kai kimanin kilomita 390 in an haɗa da rassan garuruwan maƙwabta, ana kuma lissafa tafiya fiye da miliyan 6 a ranar aiki. Sai dai mai lissafi ya lura: wanda ya sauka daga wannan layi ya hau wancan, sau biyu a ke ƙirga shi, don haka kawunan mutane ba su kai adadin ba.

To, da jirgi ya zo, hanya ta buɗe? Ba ta buɗe ba. Da yawa daga masu hawansa dā bas su ke hawa ko babur, mai mota kuwa ya riƙe motarsa, wurin da aka bari a titi sababbin motoci suka cike. Ga kuma tsada. A 2017 aka ƙara kuɗin jirgi sau biyu cikin shekara, mafi ƙaranci ya tashi daga rufi 8 zuwa 10, mafi yawa daga 30 zuwa 60. A watan ƙarin na biyu masu hawa suka ragu da kimanin 300,000 a rana. Ga lebura da mai gadi da mai wanki, bambancin nan kuɗin cefane ne. Suka koma bas, bas kuwa yana tsaye cikin cunkoso ɗaya da motocin masu hali.

A nan ne aka yi babbar rigimar rabo. Wasu malaman makarantar injiniya ta Delhi suka kawo shawara bisa abin da aka yi a Kuritiba ta Barazil da Bogota ta Kwalambiya. Hujjarsu mai sauƙi ce. Bas ɗaya yana ɗaukar mutum sittin ko fiye, wurin da ya ke ci a titi bai wuce na ƙananan motoci uku ba, waɗanda sau da yawa mutum ɗaya ko biyu ke cikin kowace. In za a raba hanya, da me za a ƙirga, da ƙarafa ko da rayuka? Suka ce a yanke wa bas layinsa a tsakiyar titi, a yi masa shinge, a yanke wa masu keke nasu a gefe, abin da ya ragu na motoci. A Afrilu 2008 aka buɗe kilomita 5.8, daga Ambedkar Nagar zuwa Moolchand a kudancin birni. Bas-bas 'yan kaɗan ne cikin ababen hawan da ke bin hanyar, amma su ke ɗauke da kimanin rabin mutanen.

Ranar farko aka ga abin da ba a saba gani ba: bas cike da talakawa yana wucewa fuu, manyan motoci masu sanyi suna jere suna jira. Hanyar kuwa ta ratsa kusa da unguwannin masu kuɗi, masu motocin nan su ne masu jaridu, su ne lauyoyi, su ne manyan ma'aikata. Jaridun Turanci da gidajen talabijin suka taso wa aikin kamar an yi kisan kai. Gaskiya ne aikin yana da aibu, bai kamata a ɓoye ba. A mararrabar Chirag Dilli fitilar ba da hannu ta kan riƙe mutane mintoci masu yawa, don an ƙara mata juyi. Tashoshin suna tsakiyar titi, tsoho da mai goyo sai sun tsallaka. 'Yan sanda ba su tsare layin ba, masu motoci suka riƙa kutsawa. Mafi muni, kilomita 5.8 ba ta kai kowa ko'ina ba: bas ya yi gudu minti goma, ya fita daga shinge ya faɗa cunkoson da ya baro. An shirya a kai layin har Ƙofar Delhi, ba a kai ba. Duk waɗannan abubuwa ne masu gyaruwa, kuma Ahmedabad, wadda ta buɗe nata a 2009, ta ci gaba da shi ta tsawaita. A Delhi aka kai ƙara. A 2012 Babbar Kotu ta bar motoci su shiga layin na ɗan lokaci domin gwaji, daga bisani a Oktoba ta kori ƙarar, ta tabbatar da haƙƙin bas. Masu bas suka ci shari'a, amma siyasa ta ci su: a 2015 sabuwar gwamnati ta yanke a soke, a Janairu 2016 aka sa guduma aka farfasa shingen. Ba a ji an tara masu hawan bas an tambaye su ba.

A cikin watan nan dai aka gwada wata dabara, ta wutiri da shafa'i. Daga 1 zuwa 15 ga Janairu 2016, motar da lambarta ta ƙare da wutiri ta fita ranar wutiri ta wata, mai shafa'i ranar shafa'i, daga 8 na safe zuwa 8 na dare, ban da Lahadi, wanda ya saɓa tarar rufi 2,000. Domin hayaƙi aka yi, amma a hanya aka fi ganin amfaninta, tituna suka yi sauƙi kwana goma sha biyar. Hayaƙin bai ragu sosai ba, don an yafe wa babura, su ne kuwa mafi yawa, an yafe wa mata masu tuƙi su kaɗai da manyan gwamnati. An maimaita a Afrilu na shekarar da Nuwamba 2019. Fataken da suka san Ikko a 1977 za su tuna an yi irin wannan a can, masu hali suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar. Abin da ya sa ta yi aiki a Delhi shi ne gajartar kwanakinta, ba wanda zai sayi mota domin mako biyu.

Akwai wasu masu haƙƙi da ba a ambata ba tukuna, su ne masu keken haya na ƙafa, wanda mutum ke tuƙawa da ƙarfin cinyarsa, fasinja biyu a baya ko buhuna. Yawancinsu manoma ne daga jihohin Bihar da Uttar Pradesh, masu zuwa cin rani, su karɓi hayar keke kullum, su kwana bisa kansa. Su ke kai mutum daga tashar jirgi zuwa ƙofar gidansa, su ke shiga lungun da mota ba ta shiga. Hukumar gari ta ɗauke su su ne cunkoso. Ta ƙayyade lasin 99,000, alhali masu aikin sun ninka haka sau da yawa, ta kuma ce lalle mai keke shi ne zai tuƙa abinsa. Baƙon da ya zo da riga ɗaya ina ya ga kuɗin keke? Ta haka kusan kowa ya zama mai laifi, kowace rana sai ya ba da na goro, in bai bayar ba a kama keken, a kai shi a murƙushe a sayar da ƙarfen. Mai mota goma ba a tambaye shi ba, kuma in motarsa ta yi laifi tara ce, ba a murƙushe ta. Wata ƙungiya, Manushi, wadda Madhu Kishwar ke jagoranta, ta kai ƙara. A Fabrairu 2010 Babbar Kotun Delhi ta rushe ƙayyadewar da dokar murƙushewa, bisa hujjar cewa ba a ƙayyade motoci ba, don haka hana talaka sana'arsa da sunan cunkoso bambanci ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2012. Ba a daɗe ba kekuna masu batir suka cika gari ba da iznin kowa ba, kotu ta hana su a Yuli 2014, majalisar ƙasa ta halatta su a 2015. Sun rage wa mutane wahala ƙwarai, sun kuma zama sabon cunkoso a bakin kowace tashar jirgi, don ba a yanka musu wurin tsayawa ba.

Saura kaya, abin da ya fi damun ɗan kasuwa. Delhi mahaɗar hanyoyin arewacin Indiya ce, manyan motoci dubbai da ba su da abin saukewa a cikinta su kan ratsa ta da dare don gajarta da gudun kuɗin hanya. A ƙarshen 2015 Kotun Ƙoli ta ɗora musu haraji na shiga, a 2018 aka gama manyan hanyoyi biyu na kewaye, gabas da yamma, kowace kimanin kilomita 135, domin mai wucewa ya wuce ta waje. Wannan ya yi amfani. Amma motar da ta ɗauko barkono domin Khari Baoli ba mai wucewa ba ce, dole ta shigo.

Shi ya sa gyaran Chandni Chowk ya raba kan mutane. An fara shi a Disamba 2018. Aka binne wayoyin lantarki da suka yi shekaru suna reto kamar saƙar gizo, aka shimfiɗa jan dutse, aka dasa itatuwa, aka sa wuraren zama. Tsohon da zai tafi masallaci, da Basikhe mai zuwa Sis Ganj, da mai zuwa haikalin Jain ko majami'ar da ke kan titin, duk suka sami inda za su taka ba tare da ƙaho a bayansu ba. Mai sayar da ɗai-ɗai ya ga masu yawo sun ƙaru a ƙofar kantinsa. Mai sari kuwa lissafinsa dabam. Kayansa ba su shigowa sai bayan 9 na dare, sai ya ajiye yaro ya kwana yana jiran mota, ya biya 'yan dako kuɗin dare. Abokin cinikinsa da ya zo daga wani gari ya sayi dila goma da rana ba shi da motar da za ta zo ƙofa, sai an ɗora a amalanke ko a ka, a kai inda aka yarda mota ta tsaya, kowane sawu da kuɗinsa. Motocin da aka hana titin ba su ɓace ba, sun koma hanyoyin da ke kewaye da shi, waɗanda dā ma a cike su ke. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun yi ta neman a ba su sa'o'in lodi da rana da wurin ajiye motoci kusa. A shekarun da suka biyo bayan buɗewar, jaridun birnin sun yi ta kawo labarin babura masu satar shiga, da masu talla da suka baza kaya bisa jan dutsen, da kekunan da suka fi adadin da aka yarda, har maganar ta sāke komawa gaban Babbar Kotu.

Da ƙarfe 9 na dare a kan ɗage shingen. Motocin kaya da suka yi layi tun magariba su kan shigo ɗaya bayan ɗaya, 'yan dako su tashi daga inda suka kishingiɗa bisa amalankensu, a yi ta sauke buhu da dila a hasken fitila har gabanin asuba. Kafin 9 na safe motar ƙarshe ta fita, a mai da shingen.